Sandar Yaya da Shukar Gero

Da yayana ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Kaduna, ya dawo Wurno da tumbi, da hawan jini, da wata doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe. Na ɗauka kayan gyaran mota ne. Ya ce a'a, wasa ne, sunansa golf: ka bugi 'yar farar ƙwallo har ta faɗa rami. Na ce, "To, in ta faɗa fa?" Ya ce sai ka ciro ta. Ban ƙara tambaya ba.

Ashe bai ma iya ba. Duk bugun da zai yi, ƙasa yake sara, ƙwallo tana zaune tana kallonsa. A filin Kaduna sun gaji da yadda yake yaga musu ciyawa, har sunka ce in ya zo gasar tsofaffin ma'aikata ya sake yaga ta, kada ya ƙara taka wurin. Can ne kuwa duk abokansa suke. A gida ba ya da abokin hira sai rediyo, abin ya dame shi ƙwarai.

Sai ya zaɓi gonarmu ta gado da ke Sisawa ya mai da ta wurin koyo. Kullum ɗan kabu-kabu ya kawo shi, jaka a baya, mutanen Maikujera masu wucewa kasuwa suna tsayawa kallo.

Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta jiƙa, ni kuma ƙotar sungumina ta karye tun a layi na biyu. Ga iri a ƙwarya, ga laima tana gudu. Raina ya ɓaci. Ina waiwayawa sai na ga Yaya ya ɗaga sanda, ya sauke, tim! Rami. Ya matsa gaba inda ƙwallo ta ɗan gangara, tim! Wani ramin. Wallahi daidai zurfin shuka, ko ni ban sara haka.

Na ɗauki ƙwarya na bi bayansa, ina zuba gero ina rufewa da dunduniya. Munka yi nisa kafin ya juyo.

"Kai! Mi kake yi?"

"Shuka nike, Yaya. Ci gaba, hannunka na da kyau."

"Ni za ka mayar sungumi? Ni?"

Ya fusata. Ya gyara tsayuwa, ya kafe ido a kan ƙwallo, ya rantse ƙasar nan ba za ta ƙara ganin sandarsa ba. Ya kai bugu. Ƙwal! Ƙwallo ta tashi sama kamar tsuntsu, ta haye kukar bakin gona, ta nufi wajen Goronyo. Ko ƙura bai tayar ba. Dattijo da furfura ya yi ta tsalle yana kabbara.

Ni kuwa haushi ya kama ni. Na ce, "Yanzu ka ga damar iyawa? Rabin gonar Baba na nan ba shuka, gobe ƙasa ta bushe!"

Ya dubi gona, ya dubi sanda. Ya ce, "In na koma sara, hannun nan da na samu yanzu zai ɓace mini." Na ce na sani. Na ji kunyar bakina, amma ban janye ba.

Ya tuɓe takalmansa masu tsada, ya naɗe wando. Munka yi ta tafiya, shi tim, ni rufe, har la'asar sakaliya. Layukan sun karkace kamar sawun maciji, amma gona ta shuku.

Hannun kuwa ya ɓace. Ya tafi Kaduna wajen gasar, ya yage musu ciyawa tun bugun farko, anka sallame shi da girmamawa. Bai sake komawa ba.

Geron ya yi kyau a shekarar. Yanzu duk ruwan fari maƙwabta na aiko a ara musu sandar, shi kuma ba ya ba da ita sai ya bi ta da kansa. Ran nan muna zaune bakin rumbu, ya ce da ni a hankali, "Amma ka gani da idonka ko? Ta tashi."

Na ce, "Na gani, Yaya. Ta haye kuka."

Ya ce, "To, ka riƙa faɗi, don ni in na faɗa ba mai yarda."