Yashin da Na Ji a Cikin Baƙin Mai

Ina rubuto muku ne kan wani abu da ya daɗe yana cina a rai, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A shekarun da Dutse ta cika da ma'aikata bayan an ba mu jiha, ni matashin bakaniken babur ne, ina da 'yar rumfa kusa da tasha. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne duba baƙin mai. In aka kawo babur juyen mai, ba na zubar da tsohon man sai na lakato da yatsa na murza, na shinshina, na karkata galan ɗin a rana. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin fetur, inji ya fara gajiya. In yana ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Sai in faɗa wa mutum abin da ya yi wa injinsa a gaban kowa, ba na rage murya. 'Yan acaɓa har tsokanata suke yi wai ni boka ne, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Lokacin kuwa na wahalar fetur ne, kowa ya zama ɗan dabara. Masu sayarwa a galan suna haɗa shi da kalanzir, wasu su tace tsohon baƙin mai da tsumma su ɗura a sabuwar roba. Na ga ha'inci iri-iri har zuciyata ta lalace. Duk wanda ya tsaya gaban rumfata, kafin ya gama sallama na fara lissafin ta inda ya yi cuta. Ni a lokacin wayo na ɗauki wannan.

Akwai wani malami a unguwarmu mai makarantar allo, dattijo ne mai iyali da yawa, a wurinsa na yi sauka. Ya sayi sabon babur ya ba wani magidanci mutumin Aujara ya riƙa acaɓa da shi, don a samu na cefane. Mutumin nan ya girme ni nesa ba kusa ba. Manomi ne, ba shi da yawan magana, kuma a garinsu an san shi da amana. Shi ake ba saƙo zuwa Dutse, shi ke sayo wa tsofaffi magani, kuma da aka fara maganar shari'a mutane suka shiga tsantseni, shi ne wanda magidanta ke yarda su ɗora masa yaransu ya kai su asibiti. Wannan amanar ita ce jarinsa, ba shi da wani. Ni dai shirunsa bai taɓa kwanta mini ba. A ganina mai shiru yana da abin da yake ɓoyewa.

Babur bai wani daɗe ba sai ya fara hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Malam da kansa ya tako har rumfata tare da mutumin, ya ce in duba masa tsakanina da Allah. Na kwance ƙasan inji, mai ya zubo, na murza. Sai na ji garas-garas a yatsana. Na sake murzawa, na shafa a bayan hannuna, ga shi nan, ƙasa ce. Nan take na tuna cewa kwanakin baya mutumin ya tambaye ni ko ina ganin Malam zai sayar da babur ɗin wata rana. Shi ke nan, a kaina lissafi ya cika. Mun sha jin labarin masu lalata inji da gangan don mai shi ya gaji ya sayar musu da araha. Na miƙe na ce wa Malam yashi ba ya da ƙafa, sai dai in hannu ne ya zuba shi. Kuma na faɗa da ƙarfi, 'yan acaɓa cike da rumfa.

Mutumin ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Sannan ya ce wa Malam shi bai taɓa buɗe murfin man nan ba, duk juyen da aka yi a wurina aka yi. Wannan maganar ta ƙara tunzura ni, na ce to wato ni yake so ya ɗora wa. Malam ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa kan abin da na faɗa, na ce ko yanzu aka kawo Alƙur'ani zan dafa. Mutumin ya roƙi Malam ya kai shi gaban alƙali, ya ce gara a bincika, shi ma a ba shi rantsuwa. Malam ya ce ba zai kai Musulmi ƙara kan ƙarfe ba, ya bar shi da Allah. Ya karɓi makulli cikin lalama. Mutane suka yi ta yabon haƙurin Malam, ba wanda ya lura cewa an hana bawan Allah nan hanya ɗaya tak da zai wanke kansa.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya isa Aujara, 'yan acaɓa ne suka kai shi. Na ji an daina ba shi saƙo, ba kuma mai babur ɗin da ya yarda ya ba shi haya. Ya koma gona. Ni ko a jikina, har ina ba da labarin a matsayin gwaninta.

Na gyara injin, Malam ya ba wani ya ci gaba da bin hanyar nan ta Aujara. Bayan wani lokaci shi ma ya kawo juye, na murza, sai ga garas-garas ɗin nan ya dawo. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne su biyun bakinsu ɗaya. Har na buɗe baki zan fara, sai ya yi ƙorafin cewa babur ɗin yana shaƙewa. Na kwance akwatin da ke tace iska kafin ta shiga inji. Babu soso a ciki. Jikin akwatin duk huji ne, jan ƙasar hanya ta yi dam a ciki har cikin bututu. Na san hujin nan, ni na yi shi da ƙusa mai zafi. Tun farkon zuwan babur ɗin na cire soson na huda akwatin, kamar yadda da yawanmu ke yi a lokacin, wai don inji ya sha iska ya rage shan fetur. Na yi ne don in burge Malam, na kuma manta. Duk ƙasar da na ji a yatsana ta nan ta bi. Na ajiye sifana, na zauna a kan benci.

A ranar na je na faɗa wa Malam. Ya yi ta istigifari, idanunsa suka kawo ruwa. Washegari na tsaya a tasha na faɗa wa 'yan acaɓa da ƙarfin da na faɗi ta farko. Sai suka yi dariya. Suka ce ai sun gane, Malam ne mai tausayi ya roƙe ni in rufa wa mutumin asiri. Wani ya ce yatsana bai taɓa ƙarya ba, ba yau zai fara ba. Na rantse, suka ƙara dariya.

Na hau babur har Aujara, na same shi a gona yana roron wake. Na durƙusa na ce Yaya, ni ne na cuce ka. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe duniya da lahira, babur kuma a gode wa Malam amma ba zai koma ba. Har na fara jin sauƙi, sai ya ce abu ɗaya ne ya so a ce na zo da wuri. Mahaifiyarsa ta rasu da damina, kuma a ciwonta na ƙarshe ta kira shi ta ce ya faɗa mata gaskiya, ko ya ci amanar malamin nan, don ta nema masa gafara tun tana da numfashi. Ya ce mata a'a. Har ta cika bai san ko ta yarda ba.

Har yau ina sana'ar, kuma har yau ina murza mai. Abin da na koya shi ne mai yana faɗa maka abin da ke cikinsa, amma ba ya faɗa maka wanda ya sa. Wannan ni na ƙara da bakina, daga mugun zaton da na tara. Ina kira ga 'yan uwana masu gyara, da duk wanda mutane suka yarda da maganarsa a kan wani aiki: in ka ga ɓarna, fara duba ta inda za ta iya shiga, ka fara da inda hannunka ya taɓa, kafin ka ɗaga kai ka kalli fuskar wani. Kuma in za ka faɗa, ja mai abu gefe. Shi ya yafe mini, amma tsohuwar nan ba ni da inda zan same ta in gaya mata ɗanta bai yi ba.