Mai Kwando, Malamar da Ta Koya wa Malamai Yin Shiru

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta ta iso, kwando a hannun hagu, makullin aji uku a hannun dama. Ba abinci ba ne a kwandon. Marafan kwalba ne, da tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma, da guntayen kwali masu haruffa, da igiya. Tana shiga aji sai ta ja bencina ta haɗa su suna kallon juna, ta tura teburinta can lungu. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka, har sunan Mai Kwando ya danne nata na ainihi.

Wannan makon ta ajiye aiki. Masu yabonta ba sa ƙirguwa, amma wanda ya fi kowa sanin aikinta shi ne wanda ya fi kowa jin haushinta, wato malamin lissafi na aji biyar da ake kira Dogo. Bango ɗaya ne tsakanin ajinsa da nata, kuma bangon bai kai rufi ba.

Dogo ya riga ta fara aiki. Rubutunsa a allo kamar na inji, in ya shiga aji ko tari ba a yi. Don haka da aka ce za a tura malami ɗaya kwas na wata uku kan sabuwar hanyar koyarwa, wadda yaro zai riƙa taɓawa da tambaya da gwadawa da kansa maimakon hadda, Dogo har ya sa aka goge masa riga. Sai hedimasta ya kira sunanta.

"To ai ba korar ka aka yi ba," in ji matarsa da ya koma gida fuska a murtuke.

"Ke ba za ki gane ba. Ɗalibaina ne ke zuwa na ɗaya a jarrabawa, amma ita aka gani."

Da ta dawo, surutun ajinta ya fara tsallako bango. Ba surutun ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ke sukar sa shi ne muryoyin yara suna kira, "Malama, zo ki gani! Malama, mun samo!" Shi duk tsawon aikinsa ba yaron da ya taɓa kiran sa ya zo ya ga wani abu. Yakan tsaya da alli a hannu yana saurare, sai ya daka wa nasa ɗaliban tsawa alhali ba su yi komai ba.

Ƙarshe ya kai ƙara wurin mai duba makarantu, ya ce aji uku ya zama kasuwa. Mutumin ya zo ba sanarwa, ya tsaya a taga. Ya tarar da yara suna auna tsawon ajin da igiya, suna gardama a kan inda za a fara. Malamar tana tsugune gefe, ba ta ce musu komai ba. Ya shiga ya yi musu tambayoyi, suka ba shi amsa har da dalili. Kafin ya tafi ya ba da umarni: duk ranar Alhamis bayan an tashi, malaman makarantar da na makarantun kusa su taru a ajinta ta yi musu bita.

Haka Dogo ya tsinci kansa a kan bencin yara, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, a ajin matar da ya kai ƙara. Ta raba musu tsinke ta ce su cire ashirin da bakwai daga hamsin da uku, ba biro ba takarda.

Ya ture nasa. "Ni ban zo wasan yara ba."

"Yaya, ai saboda yaran aka ɗauke mu," ta ce, ta mayar masa da tsinken gabansa. "Kuma ga abu ɗaya da nake roƙon ku duka. In kun yi tambaya, ku ƙirga goma a zuci kafin ku sake magana. Mu malamai ba mu iya shiru ba."

Ta san shi ya kai ta ƙara. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan ma ya ƙara masa haushi.

Shekara shida yana zuwa bitar yana zama a baya, hannu a harɗe. Sai autarsa ta shiga aji uku. Yarinya ce da in ya zaunar da ita lissafi a gida, kafin ya buɗe baki ta fara hawaye. Wata ranar Asabar ya fito tsakar gida ya same ta ta zare tsinken tsintsiyar uwarta, tana koya wa uwar ragi.

"Kin ga uku ba za su isa a cire bakwai ba," take cewa, "sai mu kwance ɗauri ɗaya. Yanzu sun zama sha uku."

"Wa ya faɗa miki haka?" ya tambaya.

"Ba wanda ya faɗa min, Baba. Malama ta ce in gano, na gano."

Shekaru yana cewa yara "ku ari ɗaya", bai taɓa nuna musu abin da ake arowa ba. Ya ji daɗi, ya kuma ji kamar an mare shi. 'Yarsa ce, lissafi kuma fanninsa ne, amma a hannun wata ta gane.

Ranar Litinin da aka fita hutun ƙarfe tara, ya leƙa ajinta ya zari ɗauri biyar daga kwandon ya cusa a aljihu. Washegari ya tarar da leda cike da tsinke a kan teburinsa, an ɗaɗɗaure su tsaf. Ba takarda, ba saƙo. Ya yi tsaki, amma ya raba wa yara. Ya yi tambaya, ya cije leɓe yana ƙirgawa. Yana kai bakwai wata yarinya ta can baya, wadda ya daɗe da yanke wa hukuncin daƙiƙanci, ta ɗaga hannu. Amsarta daidai ce.

Bayan haka, duk inda aka gayyaci Mai Kwando yin bita sai ta ce da Dogo za ta je. "Yaya ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba," takan gaya wa malamai, "ni haƙuri kawai na fi shi." A dube shi a yi dariya. Shi kuma ya haɗe rai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Ke ce, Malama, wadda ta karɓi kwas na wata uku ta mayar da shi aikin rayuwa. Ke ce kika riƙa bin makarantu a kan lokacinki, kina zama a bayan ajin sabon malami kina kallo, in an tashi ki fara da abin da ya yi daidai kafin ki taɓo kuskurensa. Malamai nawa suka ajiye bulala saboda ke, ba tare da kin taɓa ce musu su ajiye ba! Mai sauke tebur ta ɗaga yaro, sannu da aiki.

Dogo ya riga ta yin ritaya. Ranar tasa walimar kujeru sun yi saura. Ranar tata kuwa har a taga mutane suka tsaya, malamai daga makarantu goma sha, da tsofaffin ɗalibai riƙe da 'ya'yansu. Yana zaune yana kallon taron, matarsa ta zungure shi.

"Saki fuskar mana, ana kallon ka."

Da aka ba shi dama ya miƙe, ya gyara murya. "Ni ba zan yi ƙarya a gaban yara ba. Har gobe ina jin haushin matar nan. Na so a ce ni ne ita. Na kai ta ƙara, ta ba ni wurin zama. Na yi mata sata, ta ƙaro min. Abin da na iya na kirki a aji, a wurinta na koya, kuma ban taɓa ce mata na gode ba." Ya juyo ya dube ta. "Ƙanwata, na gode."

"Ka makara, Yaya," ta ce tana share ido da gefen mayafi, "amma na karɓa."

Mu ma mun gode, Malama. Allah ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki, ya saka miki da abin da ba mu iya biya ba.

Ku kuma malaman da ke kan aiki, ku je bita in an kira, ku ba yaro lokaci ya yi tunani. In maƙwabcin ajinku ya fi ku, ku ji haushi yadda kuke so, amma ku ƙwanƙwasa masa ƙofa da wuri. Dogo shekara shida ya ɓata kafin ya yi, kuma yaran da suka wuce ta hannunsa a shekarun nan ba za su sake dawowa aji biyar ba.