Haruna bai ajiye jakar ba

Daminar bana ta cika shekara shida da rasuwar ɗana Haruna. Ɗan fari ne, don haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba yana raye. "Kai" nake ce masa, ko "yayan Nura". Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na gane cewa hannu ba ya jin nauyin da baki yake ji, shi ya sa yau na rubuta sunan a jarida kowa ya gani. Ban yi niyyar rubuta komai ba a bana. Abin da ya sa ni shi ne ƙaninsa Nura, wanda shi kaɗai ya rage mini, ya zo ya durƙusa yana neman in bar shi ya tafi aikin da yayansa ya mutu a kai.

A Chaza muke, wata unguwa a Suleja. Lokacin da Abuja ta fara cika, baƙi suka yi ta kwararowa Suleja neman ɗakin haya, mu ma muka ba da ɗakin zaure ga wani Bala, mutumin Kaduna. Aikinsa ɗaukar jaka a filin ƙwallon lambu, wasan nan na manya da suke kira golf. Mai wasa yana tafe yana dukan 'yar farar ƙwallo, shi kuma mai jaka, kadi suke ce masa, yana biye da shi da sandunan ƙarfe a kafaɗa. Da Bala ya fara yi mana bayani, mahaifin yaran dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Wato fili ya kai gonar gari guda, ana ba shi ruwa rani da damina, kuma ciyawa kawai ake nomawa?" Haruna bai yi dariya ba. Takalmin Bala yake kallo.

Ya gama sakandare, ba aiki. Ni ce na roƙi mahaifinsa ya bar shi, kuma ban ɓoye wannan ga kowa ba. Bala ya ce sabon shiga ba a ba shi riga mai lamba sai shugaban masu jaka ya gwada shi na wani lokaci. Kafin nan zai zauna a bakin rumfar masu jaka tun safe, in tsofaffin hannu sun ƙare a kira shi, in ba su ƙare ba ya dawo gida da yunwarsa.

A tsakar gidan nan Bala ya koya masa aikin. Suka cika buhun taki da karan dawa da guntayen ƙarfe, suka ɗaura masa igiya. Haruna ya riƙa zagaya rijiya da shi, Bala na zaune kan turmi yana ba da doka. Kada ka yi magana in mutum zai buga. Kada inuwarka ta faɗa kan ƙwallonsa. Kada ka wuce gabansa. Idonka a kan ƙwallo har ta faɗi. In za ka sauke jaka, a hankali, kamar jariri. Nura, yana ɗan firamare a lokacin, yakan bi shi yana tsokana, "Yaya, jaririnka ya yi kashi!" Haruna ba ya ko murmushi, wai yana koyon shiru.

Doka ta ƙarshe ita ce Bala ya fi nanatawa. Ya ce, "Ka ji ni da kyau, ƙanena. Sanda ɗaya a jakar nan ta fi gidanku. In oga ya ce tsaya nan, nan ɗin za ka tsaya. Ko fitsari ya matse ka, ba ka rabuwa da jaka. Wanda ya rabu da jaka sun sallame shi, no story, ba wani bayani."

Ina tankaɗe ina ji, na ci gaba da aikina. Alhali a gidan nan akwai wata dokar da ta girme ta. Tun Haruna yana bin mahaifinsa gona aka koya masa cewa in hadari ya haɗo ana walƙiya, ka yar da fartanya, ka yi nesa da ita, kada ka fake a gindin doguwar bishiya. Kowane ɗan manomi a ƙasar nan ya san haka. Ban taɓa kawowa a raina cewa dokokin nan biyu za su haɗu a kan ɗana rana ɗaya ba.

Ya yi aikin makonni kaɗan. Yakan dawo kafaɗa a saɓule, in gasa masa da ruwan zafi yana ba ni labari ƙasa-ƙasa. Wai akwai wani Alhaji da in ƙwallonsa ta faɗa ruwa sai ya harari mai jaka, kamar shi ya tura ta. Wai ciyawar wajen ta fi katifarmu laushi. Ya ce, "Inna, in na samu riga, gyalen da kika gani a kasuwa naki ne." Na ce ya fara samun rigar tukuna.

Ranar da abin ya faru, Bala ne ya zo da labari, jiƙe sharkaf, ya kasa wuce zaure. Bayan an yi bakwai na sa shi ya zauna ya faɗa mini komai, don ban yarda a rufe ni ba. Ya ce bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Mutumin da Haruna yake ɗaukar wa jaka ya zare lemarsa ya nufi rumfa, ya ce da shi ya tsaya inda ƙwallon take, yanzu ruwan zai wuce su ci gaba. Tsofaffin masu jaka duk suka watse, wasu da jakunkuna, wasu suka jingine su suka gudu. Haruna ya matsa gindin wata bishiya, ya cire rigarsa ya rufe kan sandunan don kada su jiƙe, ya rungume jakar. A nan tsawa ta same shi.

Bala yana kuka ya ce, "Mama, mu mun san akwai ranar da ake karya dokar. Wallahi mantawa na yi ban gaya masa ba. Sabo ne, gani yake ana kallonsa."

Na yarda kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Ban kuma riƙe Bala ba, abin da aka koya masa ya koyar. Amma ogan nan mai jakar har yau ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba. Direbansa ya aiko da buhun shinkafa. Shi bai tako Chaza ba, ko da yake motarsa ta san hanya. A unguwa kuma, maimakon a bar ni da abin da ke damuna, sai ga raɗe-raɗi wai tsawa ba ta faɗa wa mutum haka kawai, a bincika ko ya ɗauki abin wani. Yaron da ya mutu yana rufe kayan wani da rigarsa.

Wani lokaci nakan zauna in ce da Haruna zai leƙo yau, me zai gani? Mahaifinsa ya bi shi bayan shekara biyu. Gonar da aka koya masa yar da fartanya an yanka ta filaye, ɗakunan haya ne a jere, masu aikin Abuja na shanya kaya a inda muke shuka dawa. Da asuba motoci na kwasar samarin Suleja kamar ana ɗiban yashi, da dare a juye su. Ina jin zai ce ai ga shi gari ya ci gaba, don shi mai kyautata zato ne. Ban san me zai ce ba in ya ji yadda ake ambatonsa a filin ƙwallon. Nura ne ya jiyo mini. Wai duk sabon da ya zo, shugaban masu jaka yakan ba shi labarin wani yaro ɗan Suleja da ko tsawa ba ta raba shi da jakar ogansa ba, a ce masa haka ake son amana. Saboda wannan sunan ne ma suka ce Nura ya zo, ba sai ya yi dogon zaman rumfa ba.

Abin da ya rage na ɗana a wajensu ke nan: labarin da ake ɗaure 'ya'yan wasu da shi. Wannan ya fi shinkafar ciwo.

Na so in hana Nura. Na kwana ina neman abin da zan ce ya yi a maimakon haka, ban samu ba. Gona babu, shago babu. Da safe na ɗauko buhun taki na cika shi da ƙarafa, na ɗaura igiya, na ce ya saɓa. Ya zagaya rijiya, na buga murfin tukunya da muciya, na ce, "Tsawa ke nan. Yar!" Ya sunkuya zai sauke a hankali. Na ce ba haka ba, jefarwa za ka yi ka ruga. Ya ce, "Haba Inna, ai korata za su yi." Na ce su kore ka, ka dawo in ji haushinka kana zaune a gabana.

Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna dariya, ban fasa ba. Muka yi ta yi har ya iya jefarwa ba tare da ya waiwaya ba. Ya fara zuwa aikin a makon jiya, ga damina ta kankama. Ku da kuke karanta jarida, na san a cikinku akwai masu buga ƙwallon nan. In hadari ya taso kuka ga wani siririn yaro ya watsar da jakarku a cikin ciyawa ya yi ta kansa, kada ku tambayi wanda bai ba shi tarbiyya ba. Ƙanin Haruna ne, kuma uwarsa ce ta koya masa.