Sudusin Inno da Tumunin Salma

A Yashe, in ka ce Malama Murja sai a tambaye ka wacce daga ciki, amma in ka ce Malama Maza-Maza, ko ɗan yaye zai nuna maka gidan. Sunan ya bi ta tun shekarar da ta fara koyarwa a firamare, yau shekara ashirin da uku ke nan. 'Yar siririya ce mai saurin ƙafa. In ta je barka, tana gaisawa tana neman takalminta da ido. Ko a zaman makoki, Allah Ya yafe mana, ana addu'a yatsunta na murza bakin mayafi. Mijinta Malam Dikko, da ke aiki a Kusada, yakan ce tun da ya aure ta bai ci tuwon da aka bari ya gama sulala ba.

Haka take a aji biyar. Kafin a tashi tara ta karya alli uku. Ta cika allo da rubutu, ta waiwayo ta ce, "Kun gane?" Yara saba'in su ja murya su ce, "Eee, Malama." Ta ce, "To maza-maza mu wuce," ta goge. Ba ƙyuya ba ce, don ba ta taɓa makara ba, kuma da aljihunta take sayen alli in ya yanke. Ita dai kullum gani take zango zai ƙare littafi bai ƙare ba.

Akwai darasi ɗaya da ke ba ta haushi kowace shekara, wato haɗa kason da ƙasansu ba ɗaya ba, irin su ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Yara sai su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su kawo mata biyu bisa biyar suna murna. Ta ja musu jan biro, ta sake nuna ƙa'idar a allo da sauri, kwana biyu ta wuce. Takan ce a ranta, za su gane a gaba.

Bana, ana saura mako a fara azumi, ƙanenta Abdullatif ya kwanta zazzaɓin kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar mahaifiyarsu Inno, da matarsa Salma, da 'ya'ya maza biyu ƙanana, da gona guda a hanyar Kusada, jigawa mai son gero da gyaɗa. Da damina ta matso aka ɗauko Modibbo, malamin da ke musu rabon gado, daga Kankia. Ya yi bayani ya rubuta a takarda: tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, na matar mamaci, sudusi, kashi ɗaya cikin shida, na uwa, saura na marayu. Aka kira shi jana'iza a Tafashiya, ya bar wa dangi awon ƙasa ya tafi.

Bayan tafiyarsa ne Inno ta ce ita da surukarta ba su ga amfanin 'yan gonaki biyu ba. A haɗa musu rabonsu wuri guda ta wajen itacen marke, su zuba gyaɗa, su ci tare. Na marayu kuwa Baffa Hussaini, ƙanen mahaifinsu Murja, shi zai riƙa nome musu. Inno gwiwa ta hana ta fita, Salma na cikin takaba, don haka awo ya faɗa hannun Baffa da Ɗalha, ɗan goggon Murja, ɗan acaba mai mata da 'ya'ya biyu. Shi dangi ke kira in abu ya shafi lissafi, don ya yi boko har sakandare, kuma wayarsa babba ce.

Ran Alhamis Murja ta biya gidan su Inno daga makaranta, ko zama ba ta yi ba.

Salma ta ce, "Yaya, an gama awo jiya. Sun ƙirga tsoffin kunyoyin bara, ɗari da sittin da takwas ne gonar duka. Mu an ba mu ashirin da huɗu. Sun kafa turke, ana yin ruwa za a dasa gamba."

Murja ta ce, "Madalla, Allah Ya sa albarka," ta sa kai ta fita.

Sai da ta kai gindin rijiyar unguwa lambar ta cije ta. Ta ja birki kamar an riƙe mata zane. Ta tsuguna a bakin hanya, ta karyo tsinke ta shiga zane a ƙasa, masu ɗebo ruwa na ratse ta. Ta goge, ta sake. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ga hadari ya fara yin gungu.

Abin da ya ɗaga mata hankali gambar nan ce. A wajensu turke ba komai ba ne, akuya ma na iya tuge shi. Amma in aka tara shaidu da safen ruwan fari, aka dasa gamba a kan iyaka, aka shafa Fatiha, magana ta mutu. Wanda ya zo daga baya ya ce a matsar, ya ƙaryata dattawan da suka tsaya ke nan, kuma ba a yi.

Ta iske Ɗalha a tashar 'yan acaba yana kishingiɗe kan babur. Taubashinta ne, don haka tun daga nesa ya fara.

"A'a, matar! Yau kuma wa ya biyo ki? Hau in kai ki, ko da yake kin fi mashin ɗina gudu."

"Ban zo wasa ba, Ɗalha. Yaya ka yi ka samo ashirin da huɗu?"

Ya zaro waya yana taƙama. "Abu mai sauƙi. Ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Ɗaya da ɗaya biyu, takwas da shida sha huɗu. Na raba gona sha huɗu, kowane kashi kunya goma sha biyu, na ba su biyu. Ga shi nan, waya ba ta ƙarya."

"Wa ya ce maka haka ake yi?"

"Ke mana! Ba ke kika koya mani ba a aji biyar?"

Sauran 'yan acaba suka kwashe da dariya. Kafin ta sami bakin magana wata mata ta zo da buhun masara za ta Kusada, Ɗalha ya ɗaure kaya ya tayar da babur, ya bar ta tsaye cikin hayaƙi. Ta tuna shi sarai, ɗan ƙaramin yaro a layin baya kusa da taga, wanda ya fi kowa ɗaga murya in an ce kun gane.

Daga nan ta zarce zauren Baffa Hussaini, ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara bayani kalma na hawa kan kalma. Tsohon ya bari ta kai aya, sannan ya ce, "Murjanatu, ke kullum kamar an kunno ki. Yaron nan da inji ya buga. To a ce ma an rage masu, ina abin ya tafi? Ba wurin ɗiyansu ba? Ni ko kunya ɗaya ba ta shigo aljihuna."

Gaskiyarsa ce, bai ci komai ba. Ta koma wajen Inno, ita ma ta ce, "Bar shi, ɗiyar nan. Kada a ce daga mutuwar ɗana na tsaya jayayya da jikokina a kan ƙasa." Salma dai na gefe tana ta jan carbi, amma Murja ta ga inda idonta ya sauka, kan 'yar tukunyar da ta rage musu da gero. Kunya ashirin da huɗu ba za ta riƙe mata biyu zuwa wata kaka ba. Kuma rabon nan ba kyautar dangi ba ce da za a ce a yi kara. Allah ne Ya yanka, in aka bar shi haka an ciyar da marayu abin da ba nasu ba, ba su ji ba ba su gani ba.

Ran Juma'a da safe ta rubuta lissafin nan a allo, ɗaya bisa takwas a tara da ɗaya bisa shida, ta ce kowa ya yi. Ta bi layi-layi tana leƙa littattafai. Biyu bisa sha huɗu. Biyu bisa sha huɗu. Cikin yara saba'in, tara kawai suka kuɓuta. Ta ɗauki tsumman goge allo, ta ajiye. Ta je bakin ƙofa ta dubi sama, ta dawo. Yara suka bi ta da ido, don ba su taɓa ganin allo ya daɗe haka da abu ɗaya a kansa ba. Shekara ashirin da uku, in ji zuciyarta, irin Ɗalha guda nawa ta sallama cikin garin nan, suna auna gonaki da hatsin mutane?

Ana saukowa daga masallaci ruwa ya tsuge, bai ɗauke ba sai la'asar.

Asabar da sassafe, ƙasa na ƙamshi, Baffa Hussaini da Ɗalha da dattawa uku na unguwa suka hallara a gona. Ga saiwoyin gamba a cikin kwando, an riga an sara rami na farko a gindin turke. Sai ga Murja ta ɓullo ta cikin gonakin mutane, takalmi a hannu, laka har idon sawu.

Ɗalha ya ce, "Jama'a ku kauce, ga motar asibiti."

A hanya ta shirya jawabi mai tsawo, da ƙa'ida da komai. Da ta iso ta ga fuskokin dattawan, sai ta haɗiye shi. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali da kwanan ruwa, abin da ba ta saba ba. Sannan ta ce, "Baffa, alfarma ɗaya nake roƙo, in an yi mani zan tafi. A manta da Salma tukuna. A auna mani na Inno ita kaɗai."

Baffa ya dubi rana, ya dubi Ɗalha. "Buga mata mu huta."

Ɗalha ya latsa waya. "Ɗari da sittin da takwas a raba shida. Ashirin da takwas."

"To taka mani su in gani, daga gindin marke."

Ya fara tsallaka kunyoyi yana ƙirgawa da ƙarfi, yana yi yana rangaji don a yi dariya. Ashirin da biyu, ashirin da uku, ashirin da huɗu, ga shi a gindin turke. Ya ɗaga ƙafa zai ce ashirin da biyar, ƙafar ta tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali, ya ƙarasa huɗun da suka rage ba rangaji, ya juyo ya dubi turken a bayansa.

Ɗaya daga cikin dattawan, Malam Yakubu, ya ce, "Ikon Allah. Tsohuwa ita kaɗai ta wuce iyakar mutum biyu. To ina na mai takaba?"

Baffa Hussaini ya cire hula ya share goshi. "Inna lillahi. Da mun shafa Fatiha a kan wannan?"

Ɗalha ya dawo yana jujjuya waya. "To ai ni ban ga inda na kuskure ba, Malama. Ɗaya da ɗaya ba biyu ba ne?"

Da can ne, da ta faɗi ƙa'idar cikin numfashi ɗaya. Sai ta tsinto karan dawa biyu na bara, ta daidaita tsawonsu, ta karɓi wuƙar Baffa. Ta yanka ɗaya gida shida, ɗaya gida takwas, ta ɗora guntu ɗaya daga kowanne a tafin hannunsa.

"Tsawonsu ɗaya?"

"A'a, na Inno ya fi."

"To yaya za ka ce biyu, kamar tagwaye? Sai ka mai da su yanka iri ɗaya tukuna. Nemo mani lambar da shida ke shiga, takwas ma ta shiga."

Ya yi ta motsa baki. Ta ji amsar na yi mata ƙaiƙayi a harshe, ta danne, tana murza bakin mayafi har ya nemi yagewa. Can ya ce, "Ashirin da huɗu."

Ta sa ya datsa guntun Inno huɗu, na Salma uku. Ya jera su a kan kunya, ga su bakwai, kansu ɗaya. Ta ce, "Ka ga ba a ƙara wa kowa ba, ba a rage ba. Sudusin nan shi ne huɗu cikin ashirin da huɗu, tumuni uku. Suna ne ya sauya."

Ɗalha ya tsura wa 'yan guntayen ido, ya koma waya. "In aka raba gonar ashirin da huɗu, kowane yanka kunya bakwai ke nan. Bakwai sau bakwai... arba'in da tara!" Ya dafe kai. "Kai! Rabi ma ban ba su ba. Malama, me ya hana ki yanka mana kara tun muna aji biyar?"

Ta ce, "Sauri nake yi."

Baffa da kansa ya tuge turken, ya taka kunyoyin da sandarsa har arba'in da tara, dattawa na binsa suna amsa ƙirga. Nan aka sara sabon rami, aka dasa gamba, aka shafa Fatiha. Ɗalha ya kai ta gida a babur, ya ƙi karɓar ko sisi, wai ladan makaranta ne ya biya a makare. Da ta gaya wa Salma, sai yarinyar ta kifa fuska a cinyar Inno, Inno na shafa mata kai tana cewa, "To, to, Allah Ya jiƙan mai gona."

Ran Litinin aka ga Malama Maza-Maza ta nufi makaranta da damin kara a ka, da 'yar wuƙa a jaka. Sati uku aji biyar na yanka kara, har hedimasta ya leƙo ya ce littafi fa na jiran ta. Ta ce ya jira. Saurin ƙafa dai na nan, tuwon Malam Dikko ma bai canza ba. Amma ta daina tambayar ko an gane. Sai ta miƙa wa yaro kara biyu, ta koma bakin taga ta tsaya tana murza mayafi, har ya gama.