Farashin Jan Zare

Shekara ashirin da shida ke nan Mai Guga yana buɗe shago ɗaya a bakin layi ɗaya, tsakanin rumfar mai faci da wani kantin magani da ya sauya hannu sau uku. Shagon bai fi taku huɗu ba. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo mai ƙuna a wuri biyu, da dutsen guga na gawayi, da na lantarki da ke zaman jiran ranar da aka kawo wuta. Ta baya kuma baho uku ne da igiyar shanya. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Ko matarsa in ya ɓata mata rai, Mai Guga take ce masa.

Bai taɓa haɗa kayan wani da na wani ba, kuma da wannan yake alfahari. Duk tufar da ta shigo, sai ya juya bakinta ta ciki ya yi ɗan ɗinki da zare, kowane gida da irin ƙullinsa. Shekarun farko jan zare yake amfani da shi, don shi ya samu da araha. Da ya ƙare ya koma kore, daga baya fari. Sannu a hankali, ba tare da ya shirya ba, launin zaren ya zama farashi. Masu jan zare su ne suka riƙe shi lokacin da ba shi da ko kujera, saboda haka nauyinsu yake ji, sau biyu kacal ya taɓa yi musu ƙari. Masu kore sun ɗan ɗara su. Masu fari, baƙin jiya, su ke biyan kuɗin yau. In ɗan gidan jan zare ya yi aure ya ware, da jan zarensa yake tafiya.

Sai mai shagon ya aiko cewa haya ta tashi, ya ba shi wata uku: ko ya biya sabon kuɗi, ko ya kwashe bahonsa, don akwai mai sayar da wayoyi da ke son wurin. Mai Guga ya juye gwangwanin da yake tara ciniki, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ko rabi bai kai ba. Abin ya ɗaure masa kai, domin tun safe har yamma hannunsa ba ya hutawa. Ya fara zargin cefane. Matarsa ta ce in dai tukunyarta ce ke cinye shagon, ya zo ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Ita ce ta ji labarin ajin manya da ake yi a makarantar firamare bayan yara sun tashi, inda ake koya wa masu sana'a yadda za su riƙe kuɗinsu. Ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna a bencin yara ba. Ranar Talata ta goge masa rigarsa da kanta, guga mara kyau, ta miƙa masa.

Su goma sha ɗaya ne a ajin, gwiwoyinsu na tokarar tebura. Maƙwabcinsa Mai Faci yana can baya, yana ganinsa ya ce a ba dattijo wuri a gaba, ido ya fara tafiya. Malamar kuwa ba baƙuwa ba ce. Ta yi shekaru tana aikin kashiya kafin ta koma koyarwa, kuma Mai Guga ya san ta tun tana kawo kayan marigayi babanta a ƙunshe a ka. Ta gaishe shi da Baba, shi kuma ya daure ya ce mata Malama.

Makon farko ta hana su zuba kuɗin gida da na sana'a a aljihu ɗaya. Mako na biyu ta koya wa kowa ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wanda bai iya rubutu ba ya yi zane. Mai Guga ya iya lambobi, haruffa ne suke ba shi wuya, don haka ya zana sabulu kamar bulo, gawayi kamar ƙwallo. A mako na uku ta ce yau za a gano nawa abu ɗaya yake ci wa mai shi kafin ya sayar, ta nemi wanda zai ba da misali. Mai Faci ya nuna maƙwabcinsa da haɓa.

Aka ɗauki riga ɗaya. Malama na tambaya, yana amsawa, tana rubutawa a allo: sandar sabulu riga nawa take wankewa, jarkar ruwa nawa ce, buhun gawayi kwana nawa yake yi, sitaci, leda, sai haya da aka raba bisa yawan kayan wata. Aka tara, ya tashi ɗari da tamanin. Ta tambaye shi ladan hannunsa fa. Ya ce ai hannun nasa ne, ba haya ya ɗauko shi ba. Ajin ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in ya kwanta ciwo ya ɗauki wani, kyauta zai yi masa? Suka sa saba'in. Ɗari biyu da hamsin ke nan.

“To Baba, nawa kake karɓa a riga?”

“Ya danganta da zare,” in ji shi.

Sai da ya yi bayani dalla-dalla. Fari ɗari uku, kore ɗari biyu, ja ɗari da ashirin. Ta tambaye shi su wa suka fi yawa. Ya lissafa gidaje da yatsu, ya ce ja, nesa ba kusa ba, domin sun hayayyafa.

Malama ta tsaya da alli a hannu. Ta ajiye shi, ta juya bakin hannun rigarta a hankali, ta duba. Ɗan ƙulli ja yana nan, irin na gidan babanta.

“Baba,” ta ce, “ashe duk rigar da na kawo maka, sittin kake cirewa daga aljihunka ka ɗora mini, ka kuma yi aikin a banza. Shekara tara da aurena.”

Mai Faci ya ce lallai an kama ɓarawon shago, ga shi tsaye gaban allo. Wannan karon har ita ta yi dariya, amma kunya ta kama ta. Mai Guga ya fi ta jin kunyar. Ya ce babanta ne ya ba shi teburin da yake guga a kai, da wane baki zai yi wa 'yarsa ƙari? Ta ce ba ta hana shi alheri ba, amma ya zaɓi wanda zai yi wa da saninsa, ya rubuta a gefe. In shagon ya rufe, ja da kore da fari duk wani wurin za su koma su biya kuɗin yau, ba mai tambayarsu zare.

Lissafin bai yi masa wuya ba kamar faɗa wa kwastomomi sabon farashi. Malama ta ƙi ta faɗa wa kowa a madadinsa. Sai dai ta sa aka gwada a aji, Mai Faci ya zama tsohon kwastoma, ya ɗaure fuska, ya ce yanzu Mai Guga har ka manta zamanin da kake guga a kan tabarma? Sau uku Mai Guga yana janyewa yana cewa a bar shi yadda yake. A na huɗu ya ce, “Ban manta ba, yaya. Gawayi ne bai san da zamanin ba.” Malama ta ce haka nan zai faɗa, kada ya ƙara kada ya rage.

Ya samo guntun katako, ya zana riga, wando, zanen gado, kowanne da lambarsa a gaba, farashi ɗaya ga kowa. Ya rataye a ƙofa, ya koma bayan tebur yana ta hura gawayin da ya riga ya kama. Malama ce ta fara zuwa da ƙunshinta, ta karanta katakon kamar ba ta san da shi ba, ta biya ɗari uku-uku. Gida biyu na jan zare suka ɗauke ƙafa, ɗaya har da aiken magana. Wani tsohon direba ya yi mita mai tsawo, sannan ya ce dama yana mamakin yadda ake yi shagon bai rushe ba. Sauran suka biya, wasu ko katakon ba su kalla ba, abin da ya ɗan sosa masa rai, ganin shekarun da ya yi yana jin nauyin mutanen da ba su ma lura ba.

Da wata ukun suka cika kuɗin bai kammala ba, saura kaɗan. Amma ya je wurin mai shagon da littafinsa, ya nuna masa bulo da ƙwallo da abin da ke saura kowane mako. Mutumin ya jujjuya shafukan, ya karɓi abin da ya samu, ya ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Har yanzu yana ɗinka zarensa, don kada kaya su haɗu. A shafin ƙarshe na littafin akwai gida ɗaya da ya zana wa jan layi: wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai kawo zanen gado biyu duk wata. Ita ɗari da ashirin take biya, ba ta kuma san an yi katako ba, don 'yarta ce ke karɓar mata. Duk wata yana rubuta cikon a gefe da hannunsa. Ranar Talata kuma yana rufe shago da wuri, ya leƙa rumfar Mai Faci ya ce ya wanke hannu su tafi, Malama ta ce yau za a ɗauki taya ɗaya.