Shekarar da Tumatir Ya Cika Mana Gida

An kawo ni Talata Mafara daga Bakura ina amarya, daidai lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara bin magudanai yana shiga gonaki. Maigidana kafinta ne. Ya daɗe yana buga katakon da ake zuba siminti a wajen ginin dam, da aikin ya ƙare sai ya koma noman rani a wani ɗan fili da ya samu kusa da ruwa. Mu uku ne a gidan: ni, shi, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, a lokacin ni mai mita ce ta gaske. Ruwan rijiyarsu bai kai namu daɗi ba. Itacensu hayaƙi gare shi. Manyan motoci na wucewa suna girgiza mana bango. Ga sauro, wanda tun da ruwa ya zo ya daina sanin rani da damina. Ranar da na rasa abin kuka da shi, sai in kama zafin rana.

Inna kuwa mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Maradun, cikin waɗanda ruwan dam ya shanye. Da aka tashe su, abin da ta iso da shi wurin ɗanta turmi ne, da dutsen niƙa, da wata jar akuya mai taurin kai. Tun makon farko ta hana ni yawan sunkuyar da kai a gabanta, ta ce gida ya yi ƙanƙanta da ɓoye-ɓoye. Kowa na cewa alhamdu lillahi, amma ita ba ta faɗa sai ta haɗa da dalili.

Wata safiya na durƙusa gaishe ta. Muka gama ina kwana, ina gajiya, ya baƙunta, ya mutanen Bakura, sai na miƙa mata hannu.

"Inna, sauro bai bar ni na runtsa ba. Dubi nan."

Ta kama hannun ta juya shi, ta duba da kyau.

"Kai, sun sha kam," in ji ta. "Ashe jini gare ki mai kyau, ɗiyata. Ni sun zo sun duba, ba su iske komi ba, sunka wuce. Mu gode Allah da lafiyar jiki."

Na tashi ina jin haushi. A raina na ce tsohuwar nan ko dai ba'a take mini, ko kuwa ba abin da ke taɓa ta.

A wannan ranin maigidana ya shuka tumatir. Ya yi kyau ƙwarai, har mutane na tsayawa kallo. Abin da bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru, shi ne kowa ma tumatir ya shuka. Ranar Talata da sassafe ya loda kwanduna a amalanke ya nufi kasuwa. Ni kuma tuni na gama zaɓen atamfar da zai sayo mini, mai ruwan ganye, irin wadda na gani jikin wata mata a gidan suna.

Bayan la'asar sai na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Ya shigo da kwando ɗaya ya ajiye, ya koma ya shigo da wani, haka har tsakar gida ta cika. Ashe motocin masu saye sun cika tun hantsi sun tafi, aka bar manoma kowa na kallon kayan ɗan'uwansa. Ya zauna a kan turmi, ya cire hula, bai ce komai ba.

Ni na ce komai. Na ce wahalar wata da watanni ta tafi a banza, na ce da a noman gero aka tsaya da ba a shiga wannan ba, na ce ko a Bakura ban taɓa jin irin haka ba.

Inna ta fito, ta yaye ganyen da aka rufe kwando, ta zaɓi ɗaya ta goge a zanenta ta gatsa.

"Tsakiyar rani," ta ce, ruwan na bin haɓarta. "A garinmu da, yanzu ko ɗanyen ganye sai an yi tafiya a gan shi. Yau ga jan abu har babu wurin taka ƙafa. Alhamdu lillahi."

"Inna, ruɓewa fa zai yi!"

"Da wannan ranar da kike zagi kullum? Wanda ya ba da tumatir shi ya ba da rana. Ɗauko wuƙa."

Ta dubi ɗanta ta ce ya tashi ya ba ta turminta, ya je ya aro tabarmi duk inda ya samu.

Kauda za mu yi, wato a yanyanka tumatir a shanya ya bushe. Washegari ta leƙa ta katanga ta kira matan maƙwabta, waɗanda har lokacin gaisuwa kawai ke haɗa ni da su. Su ma duk mazajensu sun dawo da kaya. Aka shirya a taru a gama na gida ɗaya, sannan a koma na gaba. Muka zauna a inuwar rumfa, kowa da wuƙarta da ƙwarya a gaba. Kafin azahar tabarmi sun yi ja, saman soro ya yi ja, ƙuda sun zo daga ko'ina. Yatsuna na raɗaɗi, amma hira ta hana ni tunawa da su.

Cikin matan akwai wata dattijuwa da suka fito ƙauye ɗaya da Inna. Suka shiga tuna wa juna gari: ga gidan maƙeri, ga tsamiyar bakin masallaci, ga inda ake sussukar dawa. Dattijuwar ta ce, "Ai kushewar Malam ma tana nan gabas da tsamiyar." Mijin Inna take nufi. Na ɗaga kai na ga hawaye na bin fuskar Inna, wuƙarta kuwa ba ta tsaya ba.

"Tana nan ƙarƙashin ruwa," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma na zauna da shi har furfura ta fito muna. Ba kowa ka samun haka ba."

Da mata suka watse, muna juya kauda ni da ita, na daure na ce, "Inna, ashe abin yana damun ki."

"Dutse ce ni?" ta ce. "Ɗiyata, in na zauna lissafin abin da ruwa ya ci, har magariba ban ƙare ba, kuma ba mai tuƙa muna tuwo. Shi ya sa nake fara duba abin da ke gabana."

Kunya ce ta kama ni, ta sauro da hayaƙi da atamfa mai ruwan ganye.

Kwana biyu bayan haka jar akuyar nan ta tsinke igiya muna gidan maƙwabta. Muka dawo muka same ta tsaye a tsakiyar tabarma, ta cinye rabi, ta tattake sauran, cikinta ya yi tim. Na buɗe baki zan fara, sai dariya ta riga ni fita.

"To, alhamdu lillahi da ba ta iya hawa soro," na ce.

Inna ta dube ni ta gefen ido, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta tafi kama akuyarta.

Ba duka ya tsira ba. Wanda muka yanka da kauri ya yi funfuna, muka zubar. Sauran muka ɗura a buhuna, na aika wa mahaifiyata da rabonta a Bakura, aka kai wa dangin Inna a sabuwar Maradun, inda aka mayar da su. Matan nan kuwa suka zama ƙawayena. Ɗaya daga cikinsu ita ta yi mini wankan jego da na haihu.

Mun ci miyar kauda har shuka, mun ci har noman farko, mun ci har gero ya fitar da kai. Wata rana na ajiye wa maigidana akushi, ya buɗe, ya daɗe yana kallon miyar.

"Na gode Allah, na gode muku," ya ce a hankali. "Amma don girman Allah, gobe a kaɗa mana kuka."