Sunan Ndagi a Kan Allo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Ndagi, kuma har yau ban daina jin ƙyashinsa ba. Na san ba haka ake buɗe rubutun tunawa da mamaci ba, amma na gaji da cewa "mutumin kirki ne" ina haɗiye sauran. Mutumin kirki ne, Allah Ya sani. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Tare muka koyi aikin haɗa kwamfutoci da juna, shi ɗan Bida mazaunin unguwar Bosso, ni ina unguwar Kpakungu. A lokacin, mai son cin jarrabawar wannan sana'a sai ya tara tsofaffin rautoci, wato na'urorin da ke nuna wa saƙo hanya tsakanin kwamfutoci, a ɗakinsa yana gwaji. Kowace da igiyarta, ka cire nan ka soka can har ka gaji. Wani ɗan kasuwa a Sabon Gari ya kawo maganin abin daga Legas, akwati biyu. Ɗaya siriyal suwic, mai maɓallin murɗawa kamar na tsohuwar rediyo: ka murɗa ka shiga rauta ɗaya, ka sake murɗawa ka koma wata. Ɗayan taminal saba, mai wahalar saiti, amma in ya zauna kana iya shiga duk rautocin lokaci guda, ko daga wani gari kake.

Da muka je saye, Ndagi ya ce, "Sabi'u, kai ne babba, fara zaɓa."

Na ɗauki mai murɗawa. Na ce masa ƙarfe ne zalla, ba ya lalacewa. Gaskiyar ita ce tsoron saitin ɗayan nake yi, ba na so ya gan ni ina kame-kame. Da ƙwace min ya yi, da na sami abin riƙewa. Ni na zaɓa da hannuna.

Ba a daɗe ba ya jona nasa da intanet, ya buɗe wa ɗaliban Bosso kyauta. Mutum yana ɗakinsa zai shiga ya yi gwaji, abin da zai fara gani a allo shi ne: "Barka da zuwa ɗakin Ndagi. In ka ɓata, gyara kafin ka fita." Ni kuwa ina Kpakungu ina murɗe-murɗe ni kaɗai, don nawa sai an zo an zauna a gabansa. Tare muka ci jarrabawa, na ma fi shi maki. Ba wanda ya taɓa tambayata nawa na ci.

Yanzu matasa a cikin laftof suke ƙirƙirar rautoci ashirin, babu ƙarfe ko ɗaya. Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san halinsa. Dariya zai yi, ya iya sabon abin cikin mako guda, ya fara koya wa mutane, ni kuma ina gefe ina kare tsohon yayi.

Bayan sadakar arba'in matarsa, Maman Fati, ta aika a kira ni. Ta nuna min akwatin nasa da rautocinsa ta ce, "Malam Sabi'u, ya ce kai kaɗai za ka iya riƙewa, kada ɗalibansa su rasa. Abu ɗaya nake roƙo, a bar sunansa."

Na ce to. Na kwashe zuwa gidana na jona, ɗalibai suka ci gaba da shiga. Ni ke share ƙura, ni ke gyarawa in sun ɓata, amma a bakinsu ɗakin Ndagi ne. Wata Asabar a shekara ta biyu na zauna na goge sunansa, na rubuta nawa. Na daɗe ina kallon allon. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Sai aka ɗauke wuta. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san in ka canza saiti ba ka ba na'ura umarnin adanawa ba, da ta mutu ta tashi tsohon ne zai dawo. Darasin farko ke nan da nake koya wa kowa, kuma ni na manta. Da wuta ta dawo, sai ga Ndagi yana yi min barka da zuwa ɗakinsa, a tsakiyar gidana.

Ban sake gwadawa ba. Ba zan kira shi tuba ba, kunya ce kawai.

Yau akwatin ya tsufa, masu shiga sun ragu, amma akwai masu ci da iyalinsu a Abuja da Kaduna waɗanda a nan suka fara, kuma sunansa suke kira. Duk salla in na je gaisuwa, Maman Fati takan tambaye ni, "Sunan yana nan?" In ce yana nan. Sai ta yi ta sa min albarka, tana cewa mai amana irina ya yi wuya a zamanin nan. Shekara biyar ina karɓar wannan addu'a ina cewa amin.

Na san kina karanta jaridar nan, Maman Fati. Sunan yana nan, amma ba ni na riƙe shi ba. Bana ki yi masa addu'ar shi kaɗai.